Ina Gishirin Ya Tafi? Yadda Nake Koyar da Cakuɗe da Rarrabe Abubuwa a Ƙaramar Sakandare

Duk shekara idan muka iso babin cakuɗe da narkewa da hanyoyin rarrabe abubuwa, ba na fara rubuta komai a allo. Nakan ɗora kofin gilashi a kan sikeli, in mayar da sikelin sifili domin kada nauyin kofin ya shiga lissafi, in zuba ruwa giram 100, sannan in auna gishiri giram 10 a 'yar takarda in ajiye a gefe. Daga nan sai in tambayi ɗalibai: idan na juye gishirin nan a cikin ruwan, na motsa har ba a ganinsa, nawa sikelin zai nuna? Nakan sa kowa ya rubuta amsarsa a littafi kafin a taɓa komai, domin ɗalibin da ya rubuta amsa da hannunsa yakan zuba ido ga sakamakon fiye da wanda aka bari yana kallo kawai.

Amsoshin kan kasu uku. Akwai masu cewa 100, domin a wurinsu gishirin ya ɓace kuma nauyinsa ya tafi tare da shi. Akwai masu cewa 104 ko 105, waɗanda suka yarda cewa wani abu ya rage amma suna ganin abin da ya narke ba zai kai nauyinsa na da ba. Sai kuma masu cewa 110, kuma ko a cikinsu ba kowa ne zai iya faɗin dalili ba. Wata shekara, da sikelin ya tsaya a kan 110, wata ɗaliba da ta rubuta 100 ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, don Allah a sake aunawa." Aka sake. Sai ta nemi izini ta ɗauki kofin, ta kai shi bakin taga, ta ɗaga shi sama tana leƙen gindinsa a cikin haske, tana neman gishirin da ta tabbata ya kwanta a ƙasa. Ba ta ga komai ba sai ruwa garau. Ta dawo da kofin a hankali ta ce, "To yana ciki ke nan, mu ne ba ma ganinsa." Abin da wannan yarinya ta faɗa shi ne ginshiƙin babin gaba ɗaya, kuma a ganina duk sauran darussan da ke biye hujjoji ne da ke tabbatar da shi.

Wannan tunani na cewa abin da ya narke ya ɓace ba laifin ɗalibi ba ne, ba kuma alamar rashin basira ba ce. Jean Piaget da Bärbel Inhelder, masu nazarin tunanin yara, sun bincika shi a wajen yara tun 1941, inda suka narkar da sukari a ruwa suna tambayar yaran abin da ya same shi, kuma ƙananan cikinsu suka riƙa cewa ya ɓace, har wasu na ganin zaƙin ma zai gushe daga baya. Manyan masana ma sun daɗe kafin su tsaya a kan wannan batu da ƙafafunsu. Sai a 1789 ne Antoine Lavoisier, masanin sinadarai na Faransa, ya bayyana a fili cewa nauyin abubuwa kafin canji daidai yake da nauyinsu bayan canji, kuma abin da ya kai shi ga haka shi ne yawan aune-aune da sikeli mai inganci. Saboda haka idan yaro ɗan shekara 12 ya yi shakka, abin da ya kamata a ba shi shi ne sikeli, kamar yadda sikeli ne ya gamsar da waɗanda suka riga shi.

Akwai wata matsala da ta shafi harshenmu, wadda na daɗe ban lura da ita ba. A Hausa muna cewa ƙanƙara ta narke, muna kuma cewa gishiri ya narke a ruwa, kalma ɗaya ga abubuwa biyu da suka sha bamban a kimiyya. Ƙanƙara ba ta buƙatar wani abu na biyu kafin ta narke, zafi kawai take buƙata, kuma da zarar ta kai digiri 0 a ma'aunin Selshiyas sai ta fara komawa ruwa. Shi kuwa gishiri, idan ana son ya narke irin narkewar ƙanƙara, wato ya zama ruwa-ruwa shi kaɗai ba tare da an zuba masa komai ba, sai an kai shi digiri 801. Ruwan da ke cikin kofinmu bai wuce digiri 25 ko 30 ba, don haka ba zafi ne ya narkar da shi ba. Abin da ya faru shi ne ƙwayoyin ruwa sun kewaye ƙwayoyin gishirin, suna ɓamɓaro su ɗaya bayan ɗaya daga jikin dunƙulen, suna watsa su a ko'ina cikin ruwan har suka yi ƙanƙantar da ido ba ya iya gani. Tun da na gane haka, na daina barin kalmar ita kaɗai a aji. Muna cewa "narkewar zafi" ga irin ta ƙanƙara da kakin kyandir, muna cewa "narkewa cikin ruwa" ga irin ta gishiri, kuma duk wanda ya ce "ya narke" ya yi shiru, sai in tambaye shi: wace iri? Makonni biyu na wannan tambaya sun fi amfani a kan dogon bayani.

A shekarun farko na koyarwata, hanyar da na bi ita ce wadda aka koya mini da ita. Nakan rubuta ma'anar cakuɗe, in rubuta ma'anar narkakken abu, in jero hanyoyin rarrabewa ɗaya bayan ɗaya da misali a gaban kowace, ɗalibai su kwafa su haddace. Suna cin jarrabawa, ni kuma ina ganin aiki ya yi kyau. Ranar da na tambaye su yadda za a raba gishiri da ruwa, da yawansu suka ce a tace, sai na gane cewa sun riƙe sunayen hanyoyin amma ba su san dalilin da ya sa kowace hanya take aiki ba. Abin ya dame ni ƙwarai, domin gazawar daga tsarin darasina take. Yanzu tambaya guda nake sa su riƙe kafin su ambaci kowace hanya: mene ne bambancin da ke tsakanin abubuwan nan biyu da muke son rabawa? Wanda ya tace, bambancin girman ƙwayoyi ya yi amfani da shi. Wanda ya kawo maganaɗisu ya lura cewa ɗaya yana bin maganaɗisu, ɗayan ba ya bi. Wanda ya bar mai ya taso saman ruwa ya tsiyaye shi, bambancin nauyi ne ya taimake shi, domin mililita ɗaya ta ruwa giram 1 ce, ta mai kuwa kimanin giram 0.9. Idan ɗalibi ya iya gano bambancin, sau da yawa shi da kansa yake ƙirƙiro hanyar tun kafin a faɗa masa sunanta.

Game da masu cewa a tace ruwan gishiri, ba na gyara musu da baki, domin gani ya kori ji. Nakan ba su mazurari biyu da takardar tacewa, ɗaya su zuba ruwan laka, ɗayan su zuba ruwan gishiri. Na farko yakan bar taɓo a kan takarda, ruwan ya sauko da haske. Na biyu ba ya barin komai, takardar takan fito jiƙaƙƙiya kuma fes. Tun da ɗanɗana abu haramun ne a ɗakin gwaje-gwaje, kuma wannan doka ce da ba na sassautawa ko da abin gishiri ne, sai mu ɗiga ɗigo biyu na ruwan da ya sauko a kan gilashi mu bar shi ya bushe. Farin tabon da ya rage shi ne amsar. A nan nake kawo lissafin girma: ƙofofin takardar tacewa ta yau da kullum sun kai kimanin maikiromita 10 (maikiromita ɗaya kashi ɗaya ce cikin dubu na milimita), alhali ƙwayar gishirin da ya narke ba ta kai nanomita ɗaya ba (kashi ɗaya cikin dubu na maikiromita), wato ƙofar ta fi ta girma sau dubbai. Takardar ba ta da yadda za ta tare ta.

A wannan gaɓa nakan tsaya in ja kunnensu a kan wani abu da ya wuce jarrabawa muhimmanci. Ruwan lakar da suka tace ya yi haske, amma haske ba shi ne tsabta ba. Yawancin ƙwayoyin cuta na bakteriya ba su wuce maikiromita 1 zuwa 2 ba, don haka suna iya ratsa takardar, kuma duk wata guba da ta narke a ruwan ta bi shi ta wuce kamar yadda gishiri ya wuce. Ba na son wani ɗalibi ya fita daga ajina da tunanin cewa duk ruwan da aka tace ya zama na sha.

Darasin da ɗalibai suka fi so, ni ma kuma na fi so, shi ne ranar da nake ba kowane rukuni kwalba mai ɗauke da cakuɗen yashi da gishiri da garin ƙarfe, wanda na auna kowanne na rubuta a takardar da ba na nuna musu. Aikinsu shi ne su dawo mini da abubuwan uku a rarrabe, a bushe, kowanne da nauyinsa. Ba na ba su kayan aiki sai sun rubuta tsarin da za su bi, mataki bayan mataki, da dalilin kowane mataki. Gardamar da ke tashi a nan ita ce ainihin karatun. Kusan kowace shekara akan sami rukunin da zai ce a fara zuba ruwa, sai wani daga cikinsu ya tuna cewa jiƙaƙƙen garin ƙarfe zai manne da yashi, kuma idan aka bar shi ya kwana zai yi tsatsa. Sai su sauya tsarin: maganaɗisu tukuna tun abin yana bushe, sannan ruwa domin gishiri ya narke ya bar yashi, sannan tacewa, sannan a ƙafar da ruwan gishirin. Ina ba su shawara guda kyauta, cewa su nannaɗe maganaɗisun a cikin leda kafin su kusantar da shi, ta yadda idan suka zare shi daga ledar garin ƙarfen zai zube da kansa. Wanda ya taɓa ɓata rabin awa yana tsince garin ƙarfe daga jikin maganaɗisu ya san darajar wannan shawara.

Wajen ƙafar da ruwan ne ake buƙatar kulawa sosai. Idan ruwan ya kusa ƙarewa, gishirin yakan fara fashewa yana tartsatsi, kuma ɗigo ɗaya mai zafi ya isa ya yi wa ido illa. Saboda haka kowa yana sanye da tabaran kariya, kuma muna kashe wutar tun da sauran ɗan ruwa, mu bar ragowar ya bushe da kansa. Nakan ware kaɗan daga ruwan a faranti in ajiye shi kwana uku ko huɗu ba tare da wuta ba. Idan suka duba shi da gilashin ƙara girma, sukan ga gishirin ya fito da siffar ƙananan akwatuna masu kusurwoyi daidai, wasu da ɗan rami a tsakiya kamar matakala. Na ga yaron da ba ya cika magana a aji ya riƙe gilashin ya ƙi saki, yana tambaya ko ni ne na yanka su haka. Na ce masa yadda ƙwayoyin suke jeruwa a ciki ne ya fito fili, kuma sannu a hankalin da ruwan ya ƙafe ne ya ba su damar jeruwa.

Idan aka zo awo, babu rukunin da ke samun nauyin da na zuba daidai. Gishirin yakan gaza, yashin kuma wani lokaci yakan ɗara. Ba na rage musu maki saboda wannan, amma ina neman su bayyana inda bambancin ya fito. Masu tunani sukan gano cewa yashin bai gama bushewa ba, ko kuma ba su ɗauraye shi da ruwa mai tsabta ba, sai ruwan gishiri ya bushe a jikinsa, nauyin da ya ɓace a can ya bayyana a nan. Wasu sukan tuna da tartsatsin da ya faɗa a tebur. Bayanin inda giram biyu suka shiga ya fi mini daraja a kan lambar da ta dace da tawa. Nakan gaya musu cewa Marie Curie, masaniyar kimiyyar da ta gano sinadarin radiyom tare da mijinta, ta shafe shekaru tana narkarwa da tacewa da ƙafarwa, tana maimaitawa ba adadi, kafin a 1902 ta samu kashi ɗaya cikin goma na giram na gishirin radiyom daga tarin dutsen ma'adini mai nauyin tan-tan. Ayyukan da hannunta ya yi 'yan uwan waɗanda ɗalibaina suka yi ne a ranar.

Batun iyakar narkewa ba ya ɗaukar mu lokaci mai tsawo idan akwai sikeli. Suna ƙara gishiri giram biyar-biyar a ruwa giram 100 suna motsawa, har su kai inda ruwan ya ƙoshi, ya ƙi karɓar ƙari. A digiri 20, iyakar tana wajen giram 36. Sukari kuwa, ruwa giram 100 yana ɗaukar kimanin giram 200 nasa, abin da ke ba su mamaki kullum, domin abin da ya narke ya ninka abin da ya narkar da shi nauyi. Kuskuren da nake farauta a nan shi ne zaton cewa yawan motsawa yana ƙara iyakar. Motsawa da niƙa gishirin suna hanzarta narkewa ne kawai, iyakar tana nan inda take. Zafi ne ke iya matsar da ita, kuma shi ma ba daidai yake yi wa kowane abu ba: gishiri daga giram 36 zuwa kimanin 39 kawai yake kaiwa ko da ruwan yana tafasa, alhali sukari yana ninkawa fiye da sau biyu.

Tambayar da ke kai mu ga mataki na gaba yawanci daga ɗalibai take fitowa. Mun dawo da gishiri, to ruwan da ya tafi fa? A nan nake nuna musu kamun tururi: a tafasa ruwan gishiri, a bi da tururin ta cikin bututun da ake sanyayawa, ya koma ruwa ya ɗiga a wani kofi. Ɗigon wannan ruwa idan ya bushe a gilashi ba ya barin tabo. Daga nan hanya ta buɗe zuwa manyan misalai, kuma ina ambatonsu a taƙaice. Kowane kilo na ruwan teku yana ɗauke da gishiri kimanin giram 35, kuma ƙasashe irin su Saudiyya suna cire shi domin samun ruwan sha. Matatar mai tana raba ɗanyen mai zuwa fetur da kananzir da dizal ta bambancin zafin da kowanne yake tafasa. Iskar da muke shaƙa ma cakuɗe ce, kashi 78 cikin ɗari naitirojin, kashi 21 oksijin, kuma idan aka sanyaya ta har ta zama ruwa ana raba su, domin naitirojin yana tafasa a digiri 196 ƙasa da sifili, oksijin kuma a 183 ƙasa da sifili. Ina kawo misalin iska da gangan, tare da na zinare mai karat 18 wanda kashi 75 cikin ɗari ne kawai zinare, domin kada su ɗauka cewa cakuɗe sai an ga ruwa a kofi.

Gwajin tawada shi ne wanda ba na yarda ƙarancin lokaci ya cinye shi. Ana ja layi da fensir kusa da ƙasan takardar tacewa, a ɗiga ɗigon baƙar tawada ta alƙalamin zane mai narkewa a ruwa a kan layin, a tsayar da takardar a kofi ta yadda bakinta kawai ke taɓa ruwa, ɗigon yana sama da shi. Ruwan yakan fara hawa takardar a hankali. Idan ya iso ɗigon sai ya ja shi sama, kuma cikin 'yan mintoci baƙin ya fara warwarewa, shuɗi ya yi gaba, ja ko ruwan hoda ya biyo, wani lokaci rawaya ta fito a tsakani. Ajin yakan yi tsit. Kowane launi yana cikin ja-in-ja tsakanin ruwan da ke ɗaukarsa da takardar da ke riƙe shi, kuma wanda ya fi son ruwa shi ya fi nisa. Dalilin ja layi da fensir shi ne bakin fensir ba ya narkewa a ruwa, kuma na fi son wani rukuni ya yi kuskuren amfani da tawada ya ga layinsa ya tashi ya bi ruwa, da in hana su tun farko. Sunan wannan hanya kiromatogirafi, kuma Mikhail Tsvet, masanin tsirrai na Rasha, shi ne ya raɗa mata sunan a 1906, bayan ya yi amfani da garin alli a cikin bututun gilashi ya raba launukan da ke cikin koren ganye. A 1952 Archer Martin da Richard Synge, masanan sinadarai na Birtaniya, sun sami kyautar Nobel saboda faɗaɗa ta. Abin da ya sa nake ajiye wannan gwaji kusa da ƙarshe shi ne yana juya tambayar ranar farko. A can, abu yana nan amma ido ya ce babu. A nan, ido ya ce abu ɗaya ne, alhali uku ne ko huɗu.

Ranar rufe babin nakan haɗa garin ƙarfe giram 7 da farar wuta giram 4, in gauraya su sosai, in kira ɗalibi ya raba su. Ba ya ɓata lokaci, yakan nannaɗe maganaɗisu a leda ya kwashe ƙarfen, rawayar farar wutar ta rage a takarda. Sai in sake haɗa su, in ɗan ƙara farar wuta kaɗan domin kada wani ƙarfe ya yi saura, in zuba a bututun gwaji in ɗora a wuta. Wannan ni kaɗai nake yi, a inda iska ke wucewa sosai kuma ɗalibai suna nesa, domin hayaƙin farar wuta yana cutar da numfashi. Cakuɗen yakan yi ja kamar garwashi, jan ya ci gaba da ratsa shi ko bayan na janye wutar. Idan ya huce na fasa bututun, abin da ke fitowa dunƙule ne mai duhu, babu rawaya a jikinsa ko kaɗan. Sai in miƙa wa ɗalibin nan maganaɗisunsa in ce ya sake raba su. Yakan gwada ta wannan gefe, ya juya ya gwada ta wancan, sannan ya ɗago ya dube ni. Nakan ce su rubuta a littafi abin da suke zaton ya sami ƙarfen, kamar yadda suka rubuta game da gishiri a ranar farko, kuma da waɗannan amsoshi muke buɗe babin haɗuwar sinadarai a mako mai zuwa.